Ashirin

Likita Rennie ta ce mu fara da miligiram goma.
Goman ba ta taɓuka komai ba.
Buta na ta kuka a kan murhu
kamar tsuntsayen bakin tekun Aberdeen,
ni ina can ina neman abin da na manta sunansa.

Da talatin kuwa na goge kowane cokali a gidan,
zuciya na dukan uku-uku a layin bas.
Abincin rana ya huce a gabana.
Ƙarfe biyun dare idona biyu,
ina ƙirga fitilun jiragen ruwa.
Euan ya ce, "Mama, kin daina dariya."

Na rubuta hakan a ɗan littafin da ta ba ni,
ƙarƙashin awon jini da na nauyi.

Yau Talata, ashirin.
Yayyafi a kan taga.
Na karanta shafi guda har ƙarshensa,
na ci rabin burodi.
Makulli kuwa, oho.
Euan ya tsinto shi a firji, kusa da man shanu.
Muna cikin dariya buta ta tafasa,
na ji ta,
na tashi na kashe.