Haƙorin Kifi a Samaru

Shekara goma sha tara ina buɗe wannan ɗaki,
ɗakin duwatsu, ƙarƙashin bene, inda fanka ke tari.
Ni ne Barau, mai makullin durowa ta bakwai.

Duwatsun Zariya kurame ne, in ji Dakta Lubabatu.
Wuta ce ta haifi Kufena,
abin da wuta ta haifa kuwa ba ya riƙe amanar ƙashi.
Shi ya sa muka tafi Dange,
kwana biyar cikin kwari, da guduma da tsofaffin jaridu,
muka dawo da busasshiyar laka a buhun siminti.

Wata uku ina lallashinta
da tsohon burushi da allurar da matata ta gaji da nema,
kafin ya leƙo:
haƙori ɗaya, baƙi wuluk, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Na shafa bakinsa, ya tsaga mini yatsa.
Kifin da ya mutu tun ƙasa ba ta san sawun mutum ba
shi ya fitar mini da jini ranar wata Talata.

Dakta ta ɗora shi a tafin hannu,
'yan aji biyu suka yi cincirindo.
"Teku ta taɓa kwana a ƙasar Sakkwato," ta ce.
Wani ya tuntsire da dariya.
Garinsu ne, ya san layin jarkoki a bakin famfo.

Sai Ladidi, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba,
wadda uwarta ke sayar da banda a Sabon Gari,
ta juya shi sau biyu.
"Wannan ba tarwaɗa ba ce, ba ragon ruwa ba.
Mai cin 'yan'uwansa ne. Ku dubi lanƙwasar."
Dakta ba ta ce komai ba.
Ta cire ƙaramin gilashin da ke rataye a wuyanta,
ta miƙa mata.

Kuɗin bincike bai iso ba har yau.
Ƙwan na'urar dubawa ya mutu tun kafin yajin aiki.
Na dai rubuta masa lamba da farin fenti,
na kwantar da shi a kan auduga.

Da yamma na bi ta gefen Kubanni,
yara na jefa ƙugiya, laka na haɗiyar abin da ya faɗi.
Ban san me take ajiye wa wa ba.

A gida an yi miyar kifi.
Na jera ƙayoyin a gefen kwano, daga kai har wutsiya.
Matata ta dube su, ta dube ni,
ta ce, "To, ina allurata?"