Sallau, Kar Ka Zuba

Ma'aunin asibitin Barau Dikko ba shi da kunya.
Na cire takalmi, na cire hula,
na ajiye makullai da waya a kan benci,
kibiyarsa ta je ɗari da huɗu ta toge
kamar jakin da ya hango rami.
Sista Rifkatu ta dubi tumbina, ta dubi kati:
"Malam Jibo, da me kake karyawa?"

Na ce kofi.
Ta ce, "Shi kaɗai?"
Na yi shirun wanda aka kama da hannu cikin tukunya.

Don kofina bai taɓa zuwa shi kaɗai ba.
Ango ne, da 'yan rakiya yake tafe:
rabin gwangwanin madara, sukari ƙwaya huɗu,
biredi mai taushi, ƙwai uku da albasa.
Shekara goma sha ɗaya a teburin Sallau,
gefen gadar Kawo,
kafin in kama hanyar ofis.

Na gwada shi baƙi, tsurarsa.
Maɗaci ya fi shi daɗin baki.
Na ce to, in ba za a yi biki da dangi ba,
a fasa auren.

Ranar farko kaina ya koma Panteka,
maƙera na dukan ƙarfe tun hantsi har la'asar.
Na buga wa Darakta takarda, na sa kwanan watan bara.
Rana ta biyu na daka wa mai keke tsawa
don kawai ya ce mini sannu da aiki.
Ta uku na yi gyangyaɗi a sahun azahar,
liman ya sallame, ina zaune ina lilo
sai da na kusa da ni ya zungure ni.

Uwani ta dafa mini citta da lemun tsami,
wai an ce yana narka kitse.
Na sha.
Ba abin da ya narke sai haƙurina.

Ga abin da ban gaya wa Sista ba:
ba ɗacin nake kewa ba, ba zaƙin ba.
Ƙarar cokali ce a jikin kofi,
da yadda Sallau ke sheƙa shi daga sama,
zare ɗaya, ko ɗigo ba ya taɓa tebur,
da gardamar ƙwallo tsakanin Bulus da Ɗan'asabe
wadda ba a taɓa gamawa ba,
da minti ashirin ɗin nan
da babu mai kirana maigida, babu mai kirana akawu,
ni dai mai jan kofin roba ne.

Mako biyu ina zagayawa ta Unguwar Dosa
don kar hancina ya ci amanata.
Yau na daure na bi ta gadar.
Sallau ya hango ni,
hannunsa ya riga bakinsa, har ya kai kan gwangwani.
Na ce, "Kar ka zuba."
Ya ce, "Laifi muka yi?"
Na ɗaga riga na nuna masa bel:
na ci baya da huji ɗaya.
Ya yi dariya har da riƙe tebur.
"Huji ɗaya! A kan huji ɗaya ka yi mana yaji?"

Ya tsiyaya mini ruwan zafi zalla a jan kofina,
ya ƙi karɓar ko sisi.
Bulus ya matsa, na zauna, benci ya yi ƙara kamar da.
Tururin kofin wani ya biyo iska ya shafi fuskata
irin haɗuwa da tsohuwar budurwa a gidan suna:
mun gaisa, ba mu tsaya hira ba.

Ranar Talata ma'auni zai faɗi nasa.
Ni dai na riƙe kofi da hannu biyu,
ina hurawa a hankali
kamar akwai wani abu a ciki.