Takalmin Hafsa

Iska ta kayar da kwanon tauraron Ubale ran Talata,
kallon ƙwallo ya gagara.
Shi kuwa kuɗi in sun shiga aljihunsa
sun shiga rijiya gaba dubu.
Sai ya tono wani tsohon fim daga gindin akwati,
fari da baƙi kamar bayan zabuwa,
ya ce, "Na yaƙi ne. Ku zauna."

Muka zauna, mu 'yan bayan kasuwar Kiyawa,
janareta na tari a bayan zana.

Ga wani hafsa, gashin baki kamar ƙahon rago,
takalminsa ɗaya ya maƙale a kan tudun abokan gaba.
Ya tura samari ɗari uku su ɗauko.
Aka dawo da takalmin bisa faranti,
ana busa, ana sara masa.
Magatakarda ya zo ƙirga waɗanda suka dawo,
yatsun hannu ɗaya suka ishe shi.
Ya lashi fensir, ya rubuta: an yi nasara.

Ilu mai faci ya faɗo daga benci,
yana dukan ƙasa, yana neman a ba shi ruwa.
Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba,
har cikina ya ƙulle.

Da allo ya yi duhu aka fara wani yaƙin.

Barau ya ce a ba shi ɗarinsa.
"Ina jarumin? Wa ya tashi sama?
Awa biyu ina kallon tsofaffi na gardamar kujera!"
Malam Sadisu na firamare ya gyara tabarau:
"Habaici ne, Barau, zagi a cikin zuma.
Ba sojan ake wa dariya ba,
mai tura shi ake tuɓe wa wando."
Datti, ƙanin liman, tuni ya naɗe tabarmarsa:
"Ko ma wa ake wa,
gawa na kwance a wurin.
Mai yi wa makara dariya
ya manta da awonsa aka sassaƙa ta."
Ilu ya ce, "To mu yi kuka a naira ɗari?"
Aka yi caa, kowa da nasa,
har Ubale ya kashe fitila don mu watse.

Mutum ɗaya bai tanka ba:
Baba Kofur Jatau, a kusurwa,
mai guntun kunne, wanda ya je yaƙi
tun iyayenmu na tallar gyaɗa.
Na ga kafaɗunsa na rawa tun tsakiyar fim,
gemunsa ya jiƙe.
Dariya ce ko ɗayar, ban iya rabewa ba.
Muka ce, "Baba, raba mana gardama."
Ya daɗe yana laluben sandarsa.
"Namu ba takalmi ba ne," in ji shi,
"butar shayi ce."
Ya fita.

A ƙofa Inna Tambai na kwashe awarar ƙarshe.
Ɗanta Nomau na can gabas da kaki,
kwana arba'in wayarsa ba ta shiga.
Ta ce, "Tun ɗazu nake jin ku ta zana.
Me ya ba ku dariya haka, 'yan nan?"

Malam Sadisu ya shiga goge tabarau.
Barau ya dubi sama, wai hadari.
Ni na ce, "Inna, wani ne takalminsa ya ɓata."
Ta juya awara, ta ce,
"Ayya. Allah ya sa a gani."

Na bi ta cikin gero zuwa gida,
kwaɗi na ta nasu taron a fadama.
Wajen tsamiyar Jatau
na tuna farantin nan da masu busa,
dariyar ta sake tasowa,
ta zo nan, daidai maƙogwaro,
ta tsaya kamar ƙayar tarwaɗa.
Har yau ba ta fita ba,
ba ta kuma wuce ba.