Faci Goma Sha Ɗaya

A Bagalam, bayan masu walda,
gindin bedin da baƙin mai ya rine wa saiwa,
nan Baba Nomau ke zaune tun ban san kaina ba,
da bahon ruwa, da famfon hannu, da tulin taya.

Ran Litinin amalanke ya sauke ƙafafun mota huɗu,
tsatsa ta ci bakinsu kamar ɓera ya samu ƙuli.
Barira na biye, da lema a hannu:
"Na Fijon mahaifina ne, marigayi Alhaji Jadi,
wadda ta yi dakon kuɗin gyaɗa.
Shekara talatin tana rumfa, kaji na ƙwai a kujerarta.
Yaran bakin tasha sun ce tiyub ya wuce zamani.
Ni ko so nike ta taka hanya."

Baba bai ce uffan ba.
Ya tofar da goro, ya miƙo min ƙarfe biyu.
Muka taka, muka danna, muka ɓamɓare,
tsohuwar roba ta saki baki da ƙyar
kamar mai bashi ran biya.

Sai ga tiyub ya fito, laƙwas, ja ya koma toka,
jikinsa duk tabo.
Baba ya shimfiɗa shi a cinya yana lalube.
"Aikina ne. Dubi yankan, ba wanda ke kewaye haka.
Wannan ƙayar aduwa ce, hanyar Dakoro.
Wannan ƙusar takalmin doki.
Waɗannan biyun rana ɗaya, Alhaji har ya zage ni,
da magariba ya aiko da tsire."
Ya ƙirga goma, yatsansa ya kai na ƙarshe
ya tsaya.

"Wannan da dare ne, ana ruwa, gulbi ya kawo.
Ya buga min ƙofa ba takalmi,
uwarki na baya tana naƙuda.
Da fitilar ƙwai na manna shi, hannuna na rawa.
Da asuba aka ce mace ce."
Barira ta naɗe lema, ta zauna kan wili,
ba ta kula da zanenta ba.
Ni na duƙa ina goge tsatsa, don kunya.

To, aiki.
A kankare baki sai ya yi santsin tafin jariri.
A shimfiɗa ɗamara ta rufe kan ƙusoshi.
Hoda a tafi, a shafe sabon tiyub kamar ango,
a ba shi iska kaɗan, numfashi ɗaya, ya san siffarsa.
Bawul shi ne gaba, ya leƙo ta hudarsa a miƙe.
Ruwan sabulu a leɓe.
"Ƙarfe loma-loma, Ilo, ba cin yunwa ba,
abin da ke ciki ba ya kuka sai ka gama."
Uku suka hau lafiya.

Ta huɗu na yi gaggawa, azahar ta matso.
Na cusa ƙarfe da zurfi, na ji taushi, na yi shiru.
Famfo ashirin, talatin,
sai tsaki daga ciki, siririn tsaki irin na kububuwa.
Baho ya tona ni, kumfa na tashi ɗaya bayan ɗaya.

Na jira mari, bai zo ba.
Baba ya ɗauki almakashi da tsohon tiyub,
ya yanko da'ira dab da facin daren ruwa,
ya kankare, ya shafa gam, ya hura, ya jira,
ya manna kan raunin da na yi.
"Sha biyu," in ji shi. "Wannan naka ne.
Wata rana wani zai tambaye ka labarinsa,
ka faɗi gaskiya."

Ragowar na ce a bar mana, za ta yi guga.
Barira ta karɓe, ta ninke ta huɗu cikin gyale,
hoda da baƙin mai duk a ƙirjinta,
ta bi amalanke a baya.