Jirgi Mai Ciki Biyu

Zinatu ta dawo daga Girka da ƙunar rana a goshi
da hotuna ɗari uku a waya.
Ta zauna gefen kekena, ina kan wuyan wata riga,
tana turo min teku da ɗan yatsa.

Baba, ka ga jirgin? Cikinsa biyu,
tagwayen kwale-kwale aka ɗaure wuri guda,
farin ƙyalle a sama yana shan iska.
Wuni muka yi muna zaga tsibiri.
Wai dutse ne ya yi aman wuta tun zamanin da ba a ƙirga,
cikinsa ya rufta, teku ta shigo ta zauna.
Akwai inda ruwan ke da ɗumi, ja kamar tsatsa,
yana warin ƙwan da kaza ta guda.
Gidaje can ƙoli, farare, kamar an barbaɗa gishiri.

Na ciji zare na ce, to, rami ne da ruwa.
Ta ce, haba Baba!
Na ce, muna da irinsa a hanyar Bukuru.

Ran Asabar ta ce sai na nuna.

Dalyop mai walda ne ya haɗa nasa:
duro shida a dama, duro shida a hagu,
katako a kai, kujerun roba an ɗaure da waya,
rumfar leda mai tallan sabulu.
Ya rubuta masa suna da jan fenti, ruwa ya cinye rabi.
Dubu biyu kowane kai.
Ya ɗaura min riga ruwan lemo mai warin zufar wani,
na yi bisimilla na taka da ƙafar dama.
Injin ya yi tari uku kafin ya yarda.

Ruwan kore ne, ba ya nuna ƙasa.
Gaɓar ja, a tsaye, kamar an yanka da wuƙa,
itatuwan turare a kai suna leƙen kansu.
A tsakiya ga wani tudu da aka bari ba a haƙe ba,
ciyawa, da balbela biyu.
Dalyop ya nuna da haɓa: ga tsibirinmu.
Zinatu ta yi dariya har jirgi ya karkata.

Ni ina kallon ƙarƙashin duro.
Nan ubana ya yi shekara goma sha ɗaya
yana sauka da kwano, yana hawa da ƙasa a ka,
har gashi ya bar tsakar kansa.
Kuzar ta hau jirgin ƙasa, ta hau na ruwa,
ta ga tekun da shi bai taɓa gani ba.
Wa ya sani ko ta zama gwangwani,
ko an ci kifi a cikinta a tsibirin naki?
Can wuta ce ta haƙa.
Nan mutane ne, da diga.

Ashe a fili na faɗa.
Dalyop ya rage wutar inji, bai juyo ba,
ya ce, kafin ramin, Malam,
gonar accar kakana ce.

Muka zaga tudun sau biyu ba mai magana.
Balbela ɗaya ta tashi, ɗayar ta ƙi.

Zinatu ta ce, zurfinsa fa?
Ya ce, na taɓa jefa igiyar guga uku a ƙulle,
ba ta dawo da laka ba.

Hadari ya taso ta wajen duwatsun Shere.
Na naɗe hannun riga na tsoma hannu,
sanyi ya kama ni har gwiwa.
Ta ce, nasu da ɗumi.
Na ce, na ji.

A gaɓa muka sayi gasasshiyar masara uku,
Dalyop ya zaɓi wadda ta fi ƙonewa.
Ta ɗauke mu hoto, na ɗari uku da ɗaya:
shi yana tauna, ni ido a rufe,
hula ta karkace,
bayanmu jirgi yana ɗiga.