Ɗakin Wanki, Ƙarƙashin Filin Wasa

Shekara goma sha tara ina nan ƙasa,
ƙarƙashin katakon da suke gudu a kai.
Sunana Lorna Hudek. Ni ke wanke rigunan.
Ba a taɓa ɗaukar hotona da kofi ba.

Garinmu ƙarami ne, a Nebraska,
masara gabas, masara yamma.
In ƙanƙara ta rufe gonaki
sai a taru nan daren Asabar
a yi ta ihun sunan Koci Brandvold
kamar shi ke saukar da ruwan shuka.

Ni ta bututun ɗumama ɗaki nake jin sa.
Biyar na asuba: usur.
Takalma na kuka a kan katako.
"Sake!" Usur. "Sake!"
Sai wani shiru da na sani,
sai ƙarar bokiti:
wata tana aman abin da ba ta ci ba.

Tawul ba ya ƙarya.
In ya sauko da zufa, aikinsa ne.
Amma ya taɓa saukowa da jini,
ya taɓa saukowa da shatin haƙora,
an cusa shi a baki don kada a ji kuka.

Lamba goma sha huɗu, Keshondra Pruitt,
doguwa, 'yar Memphis, mai dariya da dukan jiki.
Shekarar farko riga ta zauna mata cif.
Ta biyu, na nemo mata ƙarama.
Ya kafa sikeli a bakin ƙofa
yana shelar nauyin kowacce
kamar dillali a kara.
Gwiwarta ta kumbura, likita ya ce hutu.
Ya ce, "Tallafin karatu ba ya ɗingishi.
Ki shiga, ko ki kira uwarki ta zo da mota."
Ta shiga.

Kada ku tambaye ni ina nake.
Mijina wankin ƙoda yake, sau uku a mako,
inshorar kwalejin nan ke biya.
Baki shi ke yanka wuya,
na ƙara sabulu, na ƙara wa rediyo murya.

Sai ga takarda, 'yan mata bakwai sun sa hannu.
Gari ya rabu har cikin coci.
A gidan mai wani ya ce mini,
"Yaran yanzu ba ƙashi. Ƙarfe sai da wuta.
Kofi uku ya ciyo mana!"
Na biya kuɗina. Ban ce masa
ni na san faɗin kafaɗar ƙarfen nan ba.

Ranar Talata lauya ta sauko daga Omaha,
mutum na farko da ya taka matattakalar nan
ba da kayan dauɗa a hannu ba.
"Kin ga wani abu?"
Na ce, "Ɗakin nan ba shi da taga."
Gaskiya ce kuwa. Ta rubuta. Ta miƙe.

Daidai nan injin ya tsaya.
An dakatar da shi kwana tara ke nan,
kuma ta bututun, daga sama,
na ji ƙwallo, na ji wata ta yi dariya.
Na manta ana yin ta a ginin nan.

Na ce, "Dakata."
Mai wanki ba ta jiƙa kaya sai ta duba aljihu.
Na ciro gwangwanin biskit daga bayan bilic:
ƙwayoyin kashe zafi, tikitin bas da ba a hau ba,
da 'yar takarda, rubutun fensir:
"In na faɗi yau kada ku ɗaga ni,
zai ƙara muku gudu."

Ban san me kwamiti zai yanke ba.
Hotonsa na nan a baranda, ana goge shi.
Keshondra ta koma Memphis da sanda.
Rigarta na kan kanta ta uku, a ninke,
babbar, ta shekarar farko.
An aiko sau biyu a karɓa.
Na ce ba ta bushe ba.