Littafin Kyaftin Korau

Mu ɗari da bakwai muka shiga Injamena,
ni ke goye da rediyon Kyaftin Korau.
A aljihun ƙirjinsa akwai littafi mai bangon leda,
sunanmu duka a ciki, da garin kowa,
da wanda za a je a faɗa wa.

Bayan isha'i yakan lashi bakin fensir,
ya ja layi kan wanda bai amsa kira ba.
Layi ɗaya, siriri,
don a iya karanta mutum ta ƙarƙashinsa.

Masu harbinmu daga bayan gidan waya,
bara layi ɗaya muka bi da su karɓar albashi.
Ya san muryar mai ba su umarni:
Jimet, da ya ara masa takalmi ranar fareti.
Wani dare ya murɗa rediyo har ya kamo shi.
"Ka ci abinci?"
"Ɗanyen gero. Kai fa?"
"Shayi ba sukari."
Da asuba suka ci gaba da wuta.

Wata na biyu famfo ya ƙafe.
Karnukan unguwa suka yi ƙiba,
muka daina kallonsu.
Saje Ngarmaji ya kwana yana kiran ruwa
da hanjinsa a tafin hannu.
Kyaftin ya dube mu, mu talatin da ɗaya,
bai aiki kowa ba.
Ya tuɓe hula, ya ɗauki jarka biyu,
ya nufi rijiyar masallaci kamar mai zuwa cefane.

Ya cika su. Ya juyo.
Taku tara na ƙirga.
Ba mu ji ƙarar ba, sai muka ga ya durƙusa,
jarka ɗaya tana tsiyaya ta huda biyu,
ƙasa na shan ruwan da jinin, ba ta zaɓe.
Ɗayar ta iso. Ngarmaji ya sha kafin ya cika.

Na haye Shari a kwalekwalen masunta,
littafin a cikin hulata.
Yanzu shayi nake sayarwa a Kusiri.
In ciniki ya lafa nakan buɗe shi,
fensir a hannu, in bi shafi shafi
ina neman inda zan ja masa nasa layin.

Bai rubuta sunansa ba.